Gurbin Da Ke Gaban Kunne

Shekara talatin ina fasa kan sa a kasuwar Jega.
Na san inda wuƙa ke bi ba ta yi gardama da ƙashi ba,
na san ɗan kwarmin da muƙamuƙi ke kwana a ciki
kamar taɓarya a turmi, nan gaban kunne.

Ban taɓa zaton zan ga na ɗana ba,
fari a kan baƙi, an rataye shi a jikin fitila.
Zayyanu, tun daga yaye haɓarsa ke riga shi shiga zaure,
haƙoran ƙasa sun tsere wa na sama.
Ɗan mahauci, amma bai iya yagar tsoka ba,
sai ya tura ta can turame, yana tauna a karkace.
Yara na kiransa Kwalekwale,
ya wuce kamar ba da shi ba ne.

Dakta Mu'awiya na Birnin Kebbi
ya ja layi biyu da biro a kan hoton.
"Nan za mu tsaga, dama da hagu, mu mayar baya,
mu ɗaure da 'yan ƙarafa da ƙusoshi."
Na ce, "Likita, yanka ba baƙona ba ne.
In ka ja na ƙasa, na can sama fa?
Ana fiƙe ƙyaure, a ce maƙalinsa na nan zaune?"

Ya ajiye biron, ya dube ni da kyau.
"Baba, abin da ke hana ni barci ke nan.
In an sa mutum barci, namansa kan saki,
kan ƙashin ya dinga lilo a gurbinsa.
Da hannuna zan zaunar da shi kafin in ɗaure.
In na danna da yawa, ciwo. In na sassauta, ya zame.
Ko na daidaita, yakan ɗan juya, ya ɗan sauko,
kaurin ƙwayar gero, ko ma bai kai ba.
Nawa aikin na yini ne, nasa na watanni ne."

Na sayar da bijimin da nake kiwo.
Aka shiga da shi da hantsi, aka fito bayan la'asar,
fuska kamar kabewa, haƙora ɗaure da roba.
Mako shida gidan mahauci na ƙamshin kunu.
Hassatu na tace romo da rariya,
tana ɗura masa ta gefen baki,
ni kuwa ina cin tsirena a bayan rumbu
kamar ɓarawo, a tsugune.

Da aka kwance, yatsa ɗaya ke shiga.
Kullum da safe yana gwadawa gaban madubi.
Ɗaya da rabi. Biyu.
Ran nan ya yi hamma bayan sallar asuba,
ƙas! har na kusa da shi ya waiga.
Muka koma Birni, zuciyata a hannu.
Na dama na nan daram, na hagu ya ɗan leƙo waje.
Likita ya ce, "A bar shi tukuna, muna dubawa.
Ƙashi yakan sassaƙa kansa ya dace da wurin zama.
Ɗakinsa ne na da, amma yau baƙo ne."

Damina ta zo ta wuce.
Yatsa uku. Ƙarar ta ragu, ba ta tafi duka ba,
goro mai tauri kan tuna masa da ita.
Jiya ya ɗauki kilishi a kan teburina,
ya sa haƙoran gaba, ya yaga, ya wuce,
bai ma san ina kallo ba.

Da na koma kan aikina, wuƙa ta kai ga mahaɗar,
sai na tsaya. Na goge hannu a riga,
na ɗora yatsu a gefen fuskata,
na buɗe baki, na rufe, na buɗe.
Shekara hamsin da bakwai yana ta kai da komo,
ban taɓa gaishe shi ba, nan gaban kunne.